Wa kuka yi ɓarna tare a ƙauye, yau ya zama ɗan gidanku?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A gidanmu akwai mutumin da 'ya'yana ke kira Baffa, shi ne ma wakilinmu ranar ɗaurin auren ƙanwata, alhali ba mu haɗa jini ba. Rake ne ya haɗa mu. Ƙauyenmu a yankin Makarfi yake, ƙasar rake da mazarƙwaila. Muna yara mukan sulale fadama bayan la'asar mu karya sanda ɗaya ko biyu. Ranar da dubunmu ta cika, mai gonar ya zane mu ya kawo mu zauren gidanmu. Baba bai tsaya bambanta nasa da na wani ba, ya ƙara mana, sannan Inna ta zubo mana tuwo a kwano ɗaya muna sheshsheƙa muna ci. Tun daga nan ba a sake yi masa kallon baƙo ba. Wa ke da irin wannan?

Jikar Hajiya:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai mu mata ma ba a bar mu a baya ba. Ni da ƙawata a wani ƙauye kusa da Gumel, a ɗora mana tallan fura, mu ajiye ƙwarya gindin magarya mu hau kakkaɓa. Wata rana akuya ta kifar da tata. Muka raba cinikina biyu, kowa ta koma gida da giɓi, kowa ta sha faɗa. Da uwarta ta gano gaskiya sai ta ce daga yau 'ya'yanta mata biyu ne. Kuma ta cika, don da aurena ya zo, ita ta sayo min rabin kwanukan jere. Ranar da ta rasu, ni mutane suka riƙa yi wa ta'aziyya tare da 'ya'yan cikinta.

Agolan Gidan Malam:
Nawa daban ne, ku yi haƙuri zan ɗan ja. A matsayin agola na shiga gidan, ina biye da mahaifiyata. Ba wanda ya zalunce ni, amma kun san yadda abin yake: ana raha ina isowa a yi shiru, a aiki kowa a tsallake ni. Ko duka ba a yi min, kuma wallahi wannan ya fi min ciwo, don yaron da ake jin nauyin hukunta shi bai zama ɗan gida ba tukuna.

Da goma ga azumi ta yi aka fara tashe, yaran gidan suka rasa mai yin tsoho, suka ja ni. Muka ciro auduga daga matashin Malam muka yi gemu, muka saci tsohuwar rigarsa da sandarsa. Mun zaga unguwa mun tara gero da 'yan kuɗi, muna dawowa muka same shi zaune a zaure da dorina. Ya jera mu, ya fara daga babba, da ya zo kaina bai tsallake ba. Na yi kuka, amma a daren nan na kwana tsakiyarsu a tabarma ɗaya. Washegari babban yayan ya ce min ƙanena a gaban abokansa. Allah Ya jiƙan Malam.

Jikar Hajiya:
Amin ya Allah. Ɗan'uwa, ka sa ni hawaye.

Ɗan Tasawa:
Gaisuwa daga Nijar. Mu kiwo ya haɗa mu: a saki awaki a tafi haƙon gafiya, da kamun fara da sassafe kafin raɓa ta bushe. A lokacin fari na 1984 iyayen abokina suka tafi Kano ci-rani, suka bar shi a hannun babana, don sun san ko ba a ce ba a gidanmu yake wuni. Bai koma ba sai da ya yi aure, kuma yanzu shi ke noma gonar gadonmu.

Manomi Na Rano:
Labarai masu daɗi, amma ku tuna da mai gona. Awakin da kuka saki kuna haƙon gafiya, dawar wani suke ci, kuma na sha ganin magana ta kai gaban mai unguwa. Abin da ya sa ba ta zama gaba ba shi ne iyaye ba sa goyon bayan ɗansu. Yanzu taɓa ɗan wani ka ga sammaci.

Baban Khalifa:
Gaskiyarka Baba. Mai raken nan ma sai da mahaifinmu ya sa muka je muka taya shi ɗaurin rake har aka gama sara. Jikar Hajiya, ku a Gumel ana yin kuɗin shara tsakanin taubasai a watan cika-ciki? Namu rigimar a nan ta fi ƙarfi, ina son jin naku.