Taswirar intanet da aikatau na yara: abin da masu aikin suka tsayar

A tattaunawar masu haɗa taswirar intanet ta wuraren da ake sa yara aiki, an fi jan magana kan alamar wuri, wato ɗigon da ake sakawa a kan taswirar. Kada a ɗora ta a kan ainihin ramin haƙar zinare ko gidan da yarinya ke aikatau, a tsaya a matakin unguwa ko gunduma. Mai ramin na iya korar yaran ko ya mayar da su can cikin daji, inda babu mai ganinsu. Hoton waya ma yakan ɗauki bayanan wuri a ɓoye, saboda haka a kashe GPS na kyamara, a rufe fuska, kada a faɗi suna.

KoboToolbox, manhajar cike rahoto a waya, ya fi dacewa da tattara bayani a ƙauyukan Zamfara, domin yana aiki ba intanet. Kowane rahoto ya ƙunshi ƙiyasin shekarun yaro, irin aikin, awanni da kwanan wata. Alamar da ba ta da kwanan wata yaudara ce, tunda wuraren haƙa suna sauyawa da damina. Mutum biyu su tabbatar kafin a hau da rahoton Google My Maps, shafin Google na haɗa taswira.

A sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, ko ma'aikatar ƙwadago kafin a saka a Facebook. Saƙon murya a WhatsApp ya fi rubutu isa ga iyaye, musamman gab da 12 ga Yuni, ranar yaƙi da bautar da yara.