Wane tsuntsu ne "tinshemet" a Littafin Firistoci 11:18?

Jama'a, muna neman taimakon masana Ibrananci. Muna daidaita sunaye 20 na tsuntsayen da aka haramta a Firistoci 11:13-19 da guda 21 na Maimaitawar Shari'a 14. Wasu ba gardama: hasidah shamuwa ce, dukifat alhudahuda, atallef jemage. Nesher ma mun karkata ga mikiya, don Mika 1:16 ya ambaci sanƙonta, gaggafa kuwa kanta da gashi.

Tinshemet ce ta gagara. A aya ta 18 tana cikin tsuntsaye, a aya ta 30 sai ga ta cikin masu rarrafe, inda ake ce mata hawainiya. Tushen kalmar numfashi ne, shi ya sa wasu suka ce mujiya ce mai huci. Amma Septuwajinta, tsohuwar fassarar Girkanci, ta sa porfurion, tsuntsun fadama, Bulgata, fassarar Latin, kuma ta sa swan, babban tsuntsun ruwa mai dogon wuya, wanda da wuya a yarda da shi.

Alamomin tsuntsu halal da ke cikin Mishna, kundin dokokin Yahudawa, a sashen Hullin 3:6, wato ƙarin yatsa, jakar abinci a wuya da ƙundu mai ɓaruwa, halal da haram kawai suke rabawa, ba sa faɗin jinsi.

Shin akwai makamanciyar kalmar a Akadiyanci ko Aramaik, harsuna 'yan uwan Ibrananci, da za ta raba gardama? In babu, wace hujja ce ta fi ƙarfi, tushen kalma ko tsofaffin fassarori?