Wayata ta ƙi hawa allon mota sai da kebul

Sabon_Direba: Salam jama'a, don Allah a taimaka. Android Auto, manhajar da ke nuna waya a allon mota, ne yake ba ni ciwon kai, kira yana shiga ta Bluetooth lafiya lau amma taswira ta ƙi fitowa a allon motar, sai ya yi ta juyawa can ya yanke, na kashe wayar na kunna har na gaji. Da kebul kuwa ras.

Mai_Gyara: Malam duba Wi-Fi ɗinka tukuna. Bluetooth ɗin gaisawa kawai suke yi da shi, taswira da sauran kayan duk ta Wi-Fi na 5 GHz suke bi, to in a kashe yake ko ka kunna hotspot babu inda za ka. VPN, manhajar nan da ke ɓoye inda kake a intanet, shi ma yana hanawa.

Maman_Biyu: Haka tawa ta yi min, ashe wayoyin yara da ta maigida da aka taɓa haɗawa ne suka cika jerin Bluetooth na motar. Na goge su kaf, na goge motar a wayata, na sake haɗawa tana tsaye, don wasu motocin ba sa yarda in ana tafiya.

Sabon_Direba: Kai! VPN ɗin ne wallahi, na ma manta a kunne yake. Ina kashewa taswira ta fito. Allah ya saka da alheri.