Tiyatar ƙarin jijiyar ji: shawarwarin da masana suka fi nanatawa

Ƙarin yana tsirowa ne a jijiyar ji da daidaita tsayuwa, kuma ba kansa ba ne. Kafin aiki ana yin hoton MRI da gwajin ji, irin wanda ake yi a Cibiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya sanar da likita tun da wuri.

Bayan aiki jiri yakan zo. Maganinsa tattaki kaɗan-kaɗan da rakiya, domin yawan kwanciya yana jinkirta sabawar ƙwaƙwalwa da daidaita tsayuwa. Makonni 4 zuwa 6 ban da ɗaukar kaya mai nauyi, fyace hanci da yunƙuri a bayan gida. A tambayi likita batun sujada.

Masana sun fi nanata batun ido, kuma ya cancanta. Jijiyar fuska tana manne da ƙarin. Idan ta yi rauni, fatar ido ba ta rufuwa, ido ya bushe har ya yi gyambo, balle cikin ƙurar hunturu. A riƙa ɗiga magani da rana, da dare a shafa man ido a rufe da filasta.

Idan aka ga ruwa garai-garai mai gishiri daga hanci ko wurin ɗinki, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a koma asibiti a ranar.