Kalmar "amateur" a gasar Kofin Eisenhower: me za mu ce da Hausa?

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum malamaina. Ina da shiri ƙarfe biyar na yamma, ga shi sha biyu ta wuce, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Zan kawo tarihin Kofin Eisenhower, gasar golf ta maza tsakanin tawagogin ƙasashe, wadda aka fara a 1958 a St Andrews ta Sikotilan, aka sa mata sunan shugaban Amurka na lokacin. Yanzu kowace ƙasa mutum uku take turowa, a yi zagaye huɗu, kowanne rami 18. Kullum a ɗauki sakamakon mutum biyun da suka fi ƙoƙari, ƙasar da bugunta ya fi ƙaranci ita ke ɗaukar kofi. Duk wannan na rubuta shi. Matsalar ita ce 'yan wasan dukkansu "amateur" ne, kalmar tana cikin cikakken sunan gasar na Turanci, wato World Amateur Team Championship, ba yadda zan tsallake ta. Na sa "'yan koyo", na karanta a bayyane, raina bai kwanta ba.

Tsohon ɗan jarida: Wa alaikumus salam 'yata. Goge "'yan koyo" tun kafin ki manta. A 1960, a filin Merion na Amurka, Jack Nicklaus na tawagar Amurka ya gama rami 72 da bugu 269 a wannan gasar, Amurka ta ba ƙasar da ta zo ta biyu ratar bugu 42. A shekarar ta 1960 kuma shi ya zo na biyu a US Open, babbar gasar golf ta Amurka, gaban tarin mutanen da golf ne abincinsu. Wa zai ce masa ɗan koyo? Tiger Woods ma ya buga wa Amurka ita a Faransa a 1994, suka ci.

Ɗan Fagge: Yaya, ki ce "'yan dagaji" kawai. Kowa ya san ta.

Mai shirin wasanni: Na yi tunaninta ƙanena. Amma a labarin ƙwallon ƙafa, in ƙungiya ta faɗo daga babbar gasa shi ne muke cewa ta koma cikin 'yan dagaji. Mai saurare zai ɗauka ƙaramar gasa ce ta waɗanda suka gaza, alhali zakarun kowace ƙasa ake zaɓowa.

Ɗan Fagge: To "'yan sa-kai"?

Hajiya mai fassara: A'a. Faɗi "'yan sa-kai" a rediyo yau, mutumin Zamfara ko Katsina masu bindiga zai hango, ba masu sandar wasa ba. Ni a ganina inda muka fara kuskure shi ne kishiyar kalmar. Mun saba fassara "professional" da "ƙwararre", shi ya sa duk wanda ba shi ba sai ya zama maras ƙwarewa. Alhali bambancin na sana'a ne. Wani ya mai da wasan hanyar cin abincinsa, wani bai mai da ba. Bobby Jones, wanda ya jagoranci tawagar Amurka a gasar farko, lauya ne, bai taɓa shiga sahun masu buga wasa don kuɗi ba, amma a 1930 ya haɗa manyan kofuna huɗu na zamaninsa a shekara ɗaya. Ki ce "waɗanda ba sana'arsu ba ce".

Mai shirin wasanni: Ma'anar ta fita sarai Hajiya, sai dai tsawo. Sau takwas kalmar za ta zo a cikin minti uku.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar kalmar ba baƙuwa ba ce, da Faransanci muka san ta. Tushenta daga "so" ne a Latin. In aka ce mutum "amateur" ne na kiɗa, ana nufin mai son kiɗa ne, ba wai bai iya komai ba. Me zai hana a ce "'yan sha'awa"? Ko "'yan wasan sha'awa". Gajera ce, ba raini a cikinta.

Malamin Hausa: Ku dakata. Kuna ta jayayya a kan jela, kun bar kan maciji. Tun ɗazu kowa "golf", "golf". Wace kalmar Hausa ce ke ƙarewa da "lf"? Bakin Bahaushe ba ya haɗa baƙaƙen nan a ƙarshen kalma. Shekaru nake faɗa wa ɗalibaina sunan wasan nan "ƙwallon rami". Muna da ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon dawaki. Kwando da raga inda ƙwallo ke nufa ne, nan kuwa rami take nufa. Ƙa'ida ce tsaf, ba son rai ba.

Tsohon ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, ai akwai "ƙwallon lambu", an daɗe ana jin ta a labaran wasanni.

Malamin Hausa: Lambu wurin albasa da latas ne. Wa ya taɓa ganin ana buga ƙwallo a cikin kwamin albasa? Wanda ya ƙirƙiro ta koren fili kawai ya gani a talabijin. "Ƙwallon rami" ita ke gaya wa wanda bai taɓa gani ba abin da ake yi.

Ɗan Fagge: Malam, da girmamawa, in na ji "ƙwallon rami" wasan yara a bakin layi nake tunawa. Kuma yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin Kano "golf" suke cewa, wasu "gwaf". Bakinsu ya riga ya gyara ta.

Malamin Hausa: Yanzu masu ɗaukar jaka ne za su tsara mana harshe? To a rufe sassan Hausa na jami'o'i mana.

Hajiya mai fassara: Wannan maganar ba ta yi mini daɗi ba Malam. Waye ya ba mu "mota" da "tebur" da "asibiti"? Direbobi da kukuna da masinjoji ne suka lanƙwasa su, malamai suka zo daga baya suka rubuta. Yaron da ya yini yana bin rami 18 da jaka a kafaɗa ya fi ni da kai sanin wasan. Ba na ƙin "ƙwallon rami", gininta daidai ne. Amma ba a dasa sabuwar kalma a shirin minti uku, ranar da ake fama da wata sabuwar.

Bakatsine: Ni abin da ke damuna daban ne. Wasan masu kuɗi ne wannan, mutum nawa a cikin masu saurarenki suka taɓa riƙe sandarsa? Ga dambe, ga kokawa, ga langa tana mutuwa, ba wanda ya zauna ya tattara kalmominsu. Sai na Turawa muke wa hidima.

Ɗan Damagaram: Kokawa ba ta rasa masu hidima ba ɗan'uwa, zo ka ga yadda ƙasa ke tsayawa cak lokacin gasar takobi. Kuma harshen da ba zai iya ba da labarin abin da ke faruwa a Abu Dabi ba, yaransa za su koma wani harshen su ji. Can aka yi gasar 2023, Amurka ta ci. Kafin nan Italiya ta ɗauka a Faransa a 2022, Denmak a 2018. Ba manyan ƙasashe kaɗai ke ci ba, wannan ma labari ne.

Mai shirin wasanni: Don Allah malamaina, uku saura kwata. Mu koma kan "'yan sha'awa".

Tsohon ɗan jarida: Ina da ja ɗaya 'yata. Tun 1 ga Janairun 2022 hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin golf, suka sassauta dokar "amateur". Yanzu ɗan wasan da bai shiga sana'a ba yana iya karɓar kuɗin talla, yana iya karɓar kyautar kuɗi har fam 700 ko dala 1,000 a wasu gasanni. Da yawansu kuma ɗaliban jami'o'in Amurka ne da ke shirin shiga sana'ar. Kada ki ce "ba a biyansu ko sisi", za ki yi ƙarya. Kuma "sha'awa" ita kaɗai, kin san inda kunnen wasu zai tafi. Kada ki yar da "wasan" daga tsakiya.

Hajiya mai fassara: Haka ne. A farko ki ce "'yan wasan sha'awa, wato waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba tukuna". Daga nan ki ci gaba da "'yan wasan sha'awa". Kishiyarsu "'yan sana'a", ba "ƙwararru" ba.

Ɗan Damagaram: "Tukuna" ba ta hau kan Bobby Jones ba, shi har ya bari bai shiga ba.

Hajiya mai fassara: Gaskiyarka. A cire ta.

Malamin Hausa: "'Yan wasan sha'awa" ba ta karya ƙa'ida ba, ban da abin cewa, ko da yake da an ba ni kwana biyu da na samo wadda ta fi ta. Amma sunan wasan fa?

Mai shirin wasanni: Baba Malam, ka yi haƙuri, zan ce "golf, wasan da ake jefa ƙwallo a rami da sanda". Ga yadda na buɗe: "A 1958 ƙasashe 29 suka hallara a St Andrews domin gasar golf ta duniya ta 'yan wasan sha'awa. Ostireliya da Amurka suka yi kunnen doki da bugu 918, aka sake zagaye ɗaya, Ostireliya ta ci da ratar bugu biyu."

Malamin Hausa: Kin kawo rami, kin kawo ƙwallo, kin ƙi haɗa su. Shi ke nan, shirinki ne. Amma ba "jefa" ba, jifa da hannu ake yi. Ki ce "buga". Ni dai a ajina ƙwallon rami ce.

Mai shirin wasanni: Na gyara, na gode Baba. Ta mata, Kofin Espirito Santo, ita ce a shirin mako mai zuwa. Mace ɗaya "'yar wasan sha'awa" zan ce, ko akwai mai ja?

Tsohon ɗan jarida: Akwai. Je ki gama na yau tukuna.