Jikka 25 don Google ya san rumfar Baba: in biya ko in yi da kaina?

Ɗan Baduku: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ranar Alhamis ake jiran amsata. Babana baduku ne a Birni, nan Zinder (Damagaram), ba nisa da fadar Sultan. Jaka, alabe, takalmi, titimi, duk muna yi da fatar akuya. Satin da ya wuce wani baƙo daga Yamai ya ce min kafin ya taso ya rubuta «sac en cuir Zinder», wato jakar fata a Zinder, a Google, ko inuwarmu bai gani ba, ɗan kabu-kabu ne ya kawo shi. Yanzu wani yaro ya ce in ba shi jikka 25 na sefa, cikin wata guda zai sa mu zama na farko a Google. Kuɗin suna hannuna, amma na sayen fata ne. Kwamfuta ba ni da ita, waya kawai, kuma rumfar ba ta da lambar titi. Bayan isha'i nakan samu kamar rabin awa. Akwai ƙananan abubuwan da zan iya yi da kaina a wannan rabin awar, ko in rufe ido in biya? TikTok muna da shi, don Allah kar a ce min TikTok.

Moussa Yamai: Wa alaikumus salam. Ka buɗe TikTok, ɗan'uwa. Can kasuwa take yanzu.

Sani Kabu-kabu: Kai da bakinka ka ce ɗan kabu-kabu ya kawo shi. To Google ɗin Damagaram mu ne. Ka ba ni jikka 5, duk baƙon da ya sauka a tasha ƙofarku zan dire shi, ko takalmi yake nema ko asibiti.

Ɗan Kurmi: Jikka 25 ai arha ne. A Kano abokina ya biya naira 80,000, kuma duk wata ana ƙara masa wani abu.

Jauro: Ni jikka 10 na ba wani, kwana biyu ya gama. An so a cuce ka.

Hajiya Mai Humra: Ɗana, tsaya ka ji kafin ka miƙa wa kowa ko dala. Ni turaren wuta da humra nake yi a Zango, shekara goma sha. Ɗan ƙawar maƙwabciyata ne ya zo, yaro mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Jikka 40 na ba shi. Ya ɗauki hotuna, ya sa ni a taswirar Google, kuma wallahi abin ya yi, wata biyu waya ba ta hutawa, har daga Agadas ana kira. Daga nan sai shiru. Na ce ko kasuwa ce ta kwanta. Rannan wata mata ta zo tun daga Maradi da kwalba a jaka, ta ajiye min a gabana, ta ce wannan ce humrar da na aiko mata? Na buɗe na sansana, ruwa ne da ɗan almiski, ko mai koyo ba zai haɗa haka ba. Ta nuna min lambar da ta tura wa kuɗi. Lambar yaron ce. Ashe da imel ɗinsa ya buɗe komai, ya cire lambata ya sa tasa, yana karɓar oda da sunana, yana sayo ta banza yana aikawa. Na biya matar kuɗinta daga aljihuna don kunya. Da na kira shi cewa ya yi in ƙara jikka 30 ya sakar min. Na kai ƙara wurin uwarsa, ta yi kuka, ni ma na yi, magana ta mutu a nan. Bayan sati biyu ina zaune a shago, garwashi na ci a kasko, jikana ya miƙo min waya ya ce Hajiya duba. An rubuta da ja wai shagona ya rufe har abada. Ina zaune a ciki fa! Yaron yana arewa wajen haƙar zinariya yanzu, in ji su.

Jauro: Innalillahi. Hajiya ki bar shi da Allah.

Hajiya Mai Humra: Na bar shi da Allah, amma jikka 40 ɗina ban bar masa ba.

Ba Kiari: Jauro, kai wa ya sa ka a taswira? Yau kana Mirya, gobe kana Tanut, jibi ka bi saniya Damargu. Jikka 10 ɗin nan sadaka ka yi.

Jauro: Babarbare, bawana, manda ce kawai sana'arku, ita kuwa ba ta buƙatar talla.

Nana Jami'a: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Shagonki bai tafi ba. A Google Maps za a iya gyara maganar rufewar, kuma akwai hanyar neman a maido miki da mallaka: ana tura wa wanda ya riƙe saƙo, in ya yi shiru na 'yan kwanaki, sau da yawa ana ba ki damar tabbatar da cewa ke ce mai wurin. Jikanki zai iya.

Yaya Ɗan Baduku, ni na yi wa yayata mai ɗinki a Sabon Gari, ko dala ban kashe ba in ban da forfe. Abin sunansa Google Business Profile, da ana ce masa Google My Business, kyauta ne. Daren farko ka buɗe shi da imel ɗinka, naka na kanka, da lambar da ke aljihunka. Sunan rumfa ka rubuta shi yadda mutane suka san shi, kar ka cusa masa kalmomin talla irin «meilleur cuir pas cher», dokarsu ta hana kuma suna dakatar da mutum a kan haka. Rashin lambar titi ba matsala ba ce: da rana ka tsaya a bakin ƙofa, ka dasa alamar daidai inda ƙafarka take, zai ba ka Plus Code, 'yan haruffa da lambobi da ke tsaya wa wuri a matsayin adireshi. Wani daren ka zaɓi nau'in sana'a, ka sa lokacin buɗewa da rufewa, har da na Juma'a. Wani daren ka rubuta bayani da Faransanci da Hausa, ka ambaci Zinder ka ambaci Damagaram, ka kira kayan da sunan da mai saye yake kiransu, shi «pouf» ya sani, bai san titimi ba. Hotuna da safe ake ɗauka, a fili. Suna da lamba su zama iri ɗaya a Facebook da TikTok da WhatsApp. Sai kuma duk wanda ya saya ya ji daɗi, ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa, kai kuma ka amsa masa.

Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa a irin wannan nema: dacewa da abin da aka rubuta, kusanci, da yadda aka san wurin. Kuma ya ce ba wanda zai iya lamunce maka matsayi na farko.

Alhaji Na Dole: Yarinya, shekara 31 ina Kasuwar Dole. Kin taɓa sayar da ko allura? Yaro ya zo neman shawarar kasuwa, an cika shi da karatun lakkwal. Ɗana, kuɗin fata na fata ne. Ka sayi fata, ka yi aiki mai kyau, baki shi ke kai kaya Yamai. Kakanninku Kano da Tarabulus suka kai fata a kan raƙumi, ba su san Google ba.

Nana Jami'a: Baba Alhaji, da girmanka, ni ma cewa na yi kar ya biya. Allura ban sayar ba, amma yayata ta samu ɗinkin biki biyu daga mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Alhaji Na Dole: Biyu! A wata nawa?

Nana Jami'a: Biyar.

Alhaji Na Dole: To kin ji.

Sani Kabu-kabu: Alhaji, ai kai ma kana cikin taswirar, ba ka sani ba ne. Wani ya sa ka, amma alamar a layin mahauta ta faɗa. Rannan na ɗauko wata tana neman shadda, waya ta ce mun iso, sai ga mu gaban kan sa da ƙudaje. Haka na riƙo ta muka zagayo.

Alhaji Na Dole: Wa ya sa ni? Da izinin wa?

Mushe Issa: Alhaji, kowa na iya ƙara wuri a taswirar, shi ya sa gara mai wuri ya riƙe abinsa da kansa. Ni na yi wa ƙanena mai gyaran waya. Abin da Nana ta faɗa haka yake, sai dai ta tsallake inda ake shan wuya, wato tabbatarwa. Mu bidiyo suka nema: ka nuna layin, ka nuna allon shago, ka shiga ciki ka nuna kayan aiki, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. Sau biyu aka ƙi namu saboda ba allo. Sai da muka ba mai fenti jikka 7 da rabi ya rubuta suna, sannan ya wuce. Ana tsakiyar tura na ukun ma rezo ya ɗauke, muka sake. Daga farawa zuwa ranar da muka ga kanmu, kusan sati shida.

Ɗan Baduku, ga abin da za ka lura da shi in ka ce za ka biya. Idan wata ya cika zai zo ya tsaya a ƙofarku, ya rubuta cikakken sunan rumfarku a wayarsa, ya ce ga ku na farko. Ai dole, ku kaɗai ke da sunan, kuma a kanku yake tsaye. Ka sa wani a Yamai ya rubuta abin da baƙon nan ya rubuta, shi ne gwaji. In kuma ka ga an rubuta «Sponsorisé» a sama, talla ya saya, ranar da kuɗin suka ƙare kun ɓace.

Jauro: Jikka 7 da rabi allo? Jikka 3 ake yi a Garin Malam.

Mushe Issa: Na jikka 3 damina ɗaya yake gani.

Ɗan Kurmi: Maganar ra'ayi kuma akwai masu sayarwa, guda 50 a jikka 15, duk taurari biyar.

Nana Jami'a: Kar ka soma. Na saye haramun ne a dokarsu, suna gogewa, wani lokaci har su hukunta shagon. Kuma wa zai yarda mutum 50 sun sayi titimi a Birni rana ɗaya?

Hajiya Mai Humra: Ni yaron nan har taurari ya sa min. Ashe na bankwana ne.

Balki Saƙa: Tunda ana maganar hoto, ku bar ni in faɗi tawa. Nana ta ce a ɗauki hoto mai kyau da safe. Na ɗauka. Na shimfiɗa farin zane a tsakar gida, na jera faya-fayai da tabarmin da na yi sati uku ina saƙawa, har ƙafar kujerata ta fito a gefe. Bayan wata guda ƙanwata ta turo min hoton nan daga wurin wata mai sayarwa a Yamai, ta sa kuɗi ninki biyu, ta rubuta wai aikin hannunta ne. Ƙafar kujerata na nan a ciki! Na yi mata magana ta toshe ni. To wa na yi wa aikin?

Moussa Yamai: Gaskiya wannan ba sata ba ce. Ni ma ina ɗaukar hoton kayan mutane in sa, in an yi oda in saya a wurinsu in tura. Ciniki nake kawo musu.

Balki Saƙa: Kana faɗin sunan mai aikin?

Moussa Yamai: In na faɗa ai sai a tsallake ni.

Balki Saƙa: To ka ji. Kai ne irinsu.

Alhaji Na Dole: Dillanci ba yau aka fara ba, 'yata. Amma dillalin da muka sani mai kaya ya san da shi, kuma la'adarsa a fili take. Wannan na waya ban san sunansa ba.

Mushe Issa: Ki riƙa rubuta lambarki a tsakiyar hoton, a kan kayan, ba a gefe ba. Na gefe yanke shi suke yi.

Balki Saƙa: Na yi, Mushe. Ta ɗora fure a kan lambar.

Ba Kiari: Fure kuma! Wannan ko Bafillatana ce.

Jauro: Ka kiyaye ni, Kiari.

Moussa Yamai: Ku kuna ganin sauƙi ne. Ni nake biyan kuɗin aika kaya a mota, ni nake jin zagin mai saye in an makara, in kaya sun lalace a hanya ni ke asara. Wanda ya saƙa yana gida ya karɓi kuɗinsa cif.

Balki Saƙa: Cif ɗin da ka taya rabin kuɗi kana rantsuwa ba riba?

Ɗan Baduku: Jama'a na gode, amma gobe ce Alhamis. Na tambayi yaron da imel ɗin wa zai buɗe, ya ce nasa, wai ya fi sauƙi. Hajiya, na tuna da ke. Na ce masa sai na yi shawara. Daren jiya na buɗe da nawa, yau da safe na dasa alamar, yanzu suna neman bidiyo. Matsalar ita ce Baba ya ce ba mai kafa masa allo a ƙofa, ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba, duk Birni an san gidan. Mushe, in na nuna wuƙaƙe da fatu da Baba yana ɗinki, ba allon, zai wuce? Ko in rubuta a kwali in cire in an gama?

Sani Kabu-kabu: Ka rubuta a bayan rigata in tsaya a ƙofar. Jikka 2.

Hajiya Mai Humra: Nana, jikana ya dawo daga lakkwal, ga wayar a hannunsa. Ina za a danna? Kuma Moussa, humrar da kake sayarwa a Yamai, turo min hoton kwalbar in gani.