Mi tarwaɗa take ci cikin tabki? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonshi

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum ƴan uwa masunta da masu kiwon kihi. Na zuba ƴan tarwaɗa cikin wani ƙaramin tabki bayan gonarmu wajen Jiratawa, ina so in san abin da suke samu da kansu cikin ruwa kahin in fara kashe kuɗi wajen sayen abinci. Don Allah wanda ya taɓa fasa cikin kihi ya duba shi nike so in ji.

Na Madarunfa:
Wa alaikumus salam. Ni a bakin tabkin Madarunfa na tashi, kuma in ana gyaran tarwaɗa ina duba tumbinta. Lokacin damina kwari ne da tana da ƴaƴan kwaɗi, ranar da shinge ya tashi bayan ruwan sama kuwa cikinsu tam yake cika da shi har ƙugiya ba su kulawa, amma in rani ya yi ruwa ya ja baya sai ka riƙa ganin ƴan karfasa da ƙananan katantanwa, wani lokaci har ruɓaɓɓen ganye. Da dare suke farauta, da gashin bakin nan suke laluben abinci cikin laka, shi ya sa muke kafa mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da almuru.

Hajiya mai kihi:
Ɗana, kahin ka damu da kwaɗi ka lura da su kansu, tarwaɗa tana cin ƴar uwarta. Na zuba manya da ƙanana wuri guda cikin basan, wato ramin kiwon kihi, wallahi da na zo kwashewa ƙananan sun ragu sosai, ba wanda ya mutu ya taso bisa ruwa, haɗiye su aka yi. Ka riƙa rabawa gwargwadon girma.

Malam Bafatsi:
Gaskiyar Hajiya ce. Ni abin da ya yi mani anfani shi ne zuba karfasa tare da su, ita karfasa haihuwarta ba ta tsayawa, a baki uwa take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, in ba mai rage ƴaƴan sai tabki ya cika da ƙanana marasa nama. Tarwaɗa ta rage su, ita ma ta yi ƙiba.

Ɗan Gulbi:
Na gode ƙwarai. Malam, karfasar zan fara zubawa ko tare ake sakinsu?

Malam Bafatsi:
Karfasa da farko, ka bari sai ka ga ƴaƴanta sun fara yawo bakin ruwa.